Ranar Ziyara: Ka Tafi Da Tambaya, Kada Ka Dawo Da Hoto Kaɗai

Da zarar jiragen alhazai sun fara tashi daga Dutse, ko azumi ya kama masu Umara sun kama hanya, ka san abin da zai cika maka waya. Sitatus ɗin WhatsApp, TikTok da Facebook duk abu ɗaya ne: ga wane a gindin dutsen Uhudu ya ɗaga hannu kamar mai addu'a amma idonsa na kan kyamara, ga wance a harabar masallacin Ƙuba an ɗora mata waƙa a bayan bidiyo. Mu kuma na gida mu yi ta tura musu "Allah ya maimaita mana". Babu laifi a cikin wannan. Wanda Allah ya kai shi wuri mai daraja, dole ya yi murna.

Amma ka gwada wani abu. Idan sun dawo, an gama rabon dabino da zamzam, ka tambayi mai hoton: "Alhaji, wannan ɗan tudun da ka hau a Uhudu, me ya faru a kansa?" Sau da yawa amsar da za ka ji ita ce, "Wallahi an dai kai mu, direba ya ce minti ashirin mu dawo mota."

A nan ne ake tafka asarar da ba a lissafa ta. Kuɗin kujerar Hajji daga Arewa ya haura naira miliyan 8 a shekarar 2025. Wani gona ya sayar, wani shanun da ya yi shekaru yana kiwo ya kora kasuwar Maigatari, wata adashi ta yi ta zubawa. A cikin duk wannan tafiya, rana ɗaya tak aka ware domin a zagaya da kai wuraren da tun kana makarantar allo kake jin sunansu. Idan ranar ta ƙare ba ka ƙaru da komai ba sai hotuna arba'in, to ka ga wuri amma ba ka san shi ba. Ra'ayin wannan shafi shi ne: darajar ranar ziyara tana rataye ne a kan jagoran da ka bi da kuma tambayar da ka tafi da ita. Haka abin yake ko Madina ka je, ko Alƙahira, ko Damagaram da ke nan bayan gidanmu.

Abin da minti ashirin ke ɓoyewa

Yadda ake yin ziyarar Madina sananne ne. Da safe a cika manyan motoci a ƙofar masauki, a nufi Ƙuba, a wuce Uhudu, a biya Ƙiblataini, a ratsa ta wajen da aka yi yaƙin Gwalalo, wani lokacin a ƙare a kasuwar dabino. Kafin azahar an dawo. Kowane wuri ɗan lokaci kaɗan ake ba shi, kuma rabin lokacin a neman mota da neman 'yan'uwa yake tafiya.

To duba abin da ke wurin. Wannan ɗan tudun na Uhudu da matasa ke rige-rigen hawa, shi ne inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair a shekara ta 3 bayan Hijira, ya umarce su kada su bar wurin. Da suka ga kamar an ci nasara, akasarinsu suka sauko. Khalid bin Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da mahayan dawakai ta baya, yaƙi ya juya. Sahabbai kusan 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Maƙabartarsu tana nan ƙasa, kana hango ta daga kan tudun. Wanda ya san wannan, idan ya hau ya duba yadda tudun ya tsare bayan runduna, zai gane da idonsa abin da malami ya yi shekaru yana faɗa masa a kan bin umarni da kwaɗayin abin duniya. Wanda bai sani ba, tudu ne kawai mai kyaun hoto.

Haka Ƙuba, masallacin farko da aka gina a Musulunci. Haka Ƙiblataini, wanda sunansa ke tuna mana juya alƙibla daga Ƙudus zuwa Ka'aba, wata 16 ko 17 bayan Hijira. Haka wurin Gwalalo, inda a shekara ta 5 aka haƙa rami don kare Madina bisa shawarar Salmanul Farisi, mutumin da ya zo daga Farisa da dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba. A Makka kuma ga dutsen da kogon Hira yake, inda wahayi ya fara sauka, ga kogon Saur inda Annabi da Sayyidina Abubakar suka yi kwana uku a hanyar Hijira.

Duk wannan ba sabon karatu ba ne, yana cikin littattafan sira da ake karantarwa a Islamiyyoyin Gumel da Gagarawa. Abin da ya rage shi ne ka sake buɗe shi kafin ka tafi. Wayar da za ka ɗauki bidiyo da ita, ita ce kuma za ta iya riƙe maka karatun sira na awa biyu da za ka saurara a jirgi.

Waye jagoranka?

Da ɗan gari akan ci gari, haka ne. Sai dai ba kowane mai riƙe da makirufo a gaban mota ne ɗan gari ba. Akwai direban da aikinsa tuƙi ne, ba ya jin Hausa, kai ba ka jin Larabci, iyakarsa ya nuna maka agogo. Akwai kuma mai zaƙin baki, wanda ya lura cewa labarin da ya fi sa mutane kuka shi ya fi kawo ihsani, sai ya riƙa ƙara gishiri: wannan dutsen kaza ya yi, wannan ƙasar in ka ɗiba tana maganin kaza. Sannan akwai mai ilimi na gaske. Alhamdu lillahi, a Madina ba a rasa irinsa: ga ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina, ga malaman da ke rakiyar alhazai daga gida, ga Hausawa mazauna can da kakanninsu suka je tun zamanin tafiyar ƙasa.

Ta yaya za ka gane na ƙwarai? Yana faɗa maka inda ya samo maganarsa. Yana iya ce maka a nan malaman tarihi sun yi saɓani. Yana bambance maka wuri da gini: zai gaya maka cewa ginin Ƙuba da kake gani a yau na shekarun 1980 ne, wurin ne mai tsohon tarihi, kuma masallatan da ke wajen Gwalalo daga baya aka gina su, babu su a ranar yaƙin. Idan ka yi masa tambaya ba ya jin haushi. Kuma ba ya ƙarewa da tallan wani abu da zai sayar maka.

Wannan tantancewar ta fi zama wajibi a kanka fiye da yadda ta zama a kan kakanka. Shi da ya dawo daga Makka, mutum goma ne suke zama a zaure su saurare shi. Kai kuwa bidiyonka na minti ɗaya zai iya kaiwa ga mutum dubu goma kafin ka dawo masauki. Ka sani ko ba ka sani ba, ka zama jagoran wasu. Idan mai zaƙin baki ya shirga maka ƙarya ka ɗora ta, ƙaryar ta zama taka, kuma wata yarinya a Sule Tankarkar da ba ta taɓa fita daga Jigawa ba za ta riƙe ta a matsayin tarihin addininta. Goge bidiyo ba ya goge abin da ya riga ya shiga kunne.

Ɗalibanmu da ke karatu a Masar, Indiya, Turkiyya da sauran ƙasashe, ku ma maganar ta shafe ku. Mutum ya yi shekara biyar a Alƙahira, hotonsa a gaban dalar Giza ya fi ashirin, amma bai taɓa ba da rana ɗaya ya bi wani masani cikin tsohon birnin ba, inda masallacin Azhar ke tsaye sama da shekara dubu. Wannan ma rashi ne.

Ƙasar wajen da ke bayan gida

Wani zai ce, "To ni da ko Kano sai na yi tanadi, ina ni ina Madina?" Allah ya kai mu baki ɗaya. Amma ɗan masarautar Gumel yana da abin da matasan wurare da yawa ba su da shi: ƙasar waje a bakin ƙofa. Kana tsallaka iyakar Maigatari ka shiga jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Duk ranar Alhamis mutanen can suna cika kasuwar Maigatari da raƙuma da shanu da tumaki, mu ma namu suna shiga can fatauci, biki da gaisuwar rasuwa. Nawa ne daga cikinmu suka taɓa kwana a Damagaram suka ce gobe ba ciniki, tarihi za a kalla?

Ga abin da ya kamata ya dame ka. An kafa masarautar Gumel wajen shekarar 1750, Mangawa ne suka kafa ta a ƙarƙashin Ɗan Juma, ta kuma kasance tana bin Borno. Jihadin Shehu Usmanu bai ci ta ba, ba ta taɓa shiga daular Sakkwato ba. Sai a 1845 ne hedikwatarta ta dawo garin Gumel daga Tumbi. Tumbi kuwa yau tana cikin Nijar, kimanin kilomita 30 arewa da Gumel. Ma'ana, tsohon gidan sarautarku yana ƙasar waje. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakani, ba mutanen wurin ba.

Birnin Damagaram kuma, wanda taswira ke kira Zinder, wuri ne da wuni ɗaya da jagora nagari zai buɗe maka ido. Akwai unguwar Birni, tsohon gari mai lunguna da gidajen ƙasa masu zane a fuska, ga manyan duwatsu a tsakiyar unguwa. Akwai fadar Sarkin Damagaram da dogaranta. Akwai Zango, unguwar fatake, inda a da ayarin da ke ratsa Sahara ke sauka. Za a ba ka labarin Sarki Tanimu, wanda a ƙarni na 19 ya ƙarfafa ganuwar birnin har aka riƙa ƙera igwa a garin. Za a ba ka labarin Kazamaju, hafsan sojan Faransa da aka kashe a can a 1898, da yadda Faransawa suka dawo a 1899 suka ci garin bayan yaƙin Tirmini, Sarki Ahmadu Kuran Daga ya rasa ransa a shekarar. Za ka ji cewa Damagaram ce babban birnin Nijar ta 'yan mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai a 1926.

A nan ne darasin jagora zai ƙara fitowa fili. Tsakanin Gumel da Damagaram an yi yaƙe-yaƙe a ƙarni na 19, kamar yadda aka yi tsakanin Gumel da Haɗejia da Kano, kuma hare-haren Damagaram na ƙarshen ƙarnin sun kwashe mutane da yawa daga ƙasar Gumel. Abin da dattijo a Gumel zai ba ka a matsayin ranar baƙin ciki, mai yiwuwa jagora a can ya ba ka shi a matsayin ranar kirari. Ba lallai ne ɗayansu ya yi maka ƙarya ba. Kowane jagora yana da gidansu, kuma daga ƙofar gidansu yake hangen abin. Aikinka shi ne ka saurara da ladabi, ka yi tambaya, ka dawo gida ka ji ta bakin naku, ka gwama. Wanda ya ji ɓangare biyu shi ne ba a saurin zuga shi.

Kuma zuga ita ce abin tsoro a yanzu. Ka ga yadda aka rufe iyaka a 2019, Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020. Ka ga yadda aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Kowa a yankin nan ya san yadda kasuwa ta kwanta a lokacin. Ka kuma ga yadda samarin ƙasashen biyu suka riƙa zagin juna a intanet, da Hausa ɗaya, wataƙila ma kakansu ɗaya. Saurayin da ya taɓa zama a Birni wani dattijo ya zagaya da shi, ya sha fura a gidan mutane, zai yi wuya ya zauna ya rubuta cewa 'yan Nijar kaza ne.

Kafin ka shiga mota

Ga wasu abubuwa da za su sa ranar ta yi maka amfani, ko ina ka je.

Ka rubuta tambayoyi uku a waya tun da dare. Ba sai masu zurfi ba. Yaushe aka gina wannan? Wa ya gina shi? Me ya rage na asali? Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayarka za ta amfani duk motar.

Ku haɗa kai ku nemi jagora tun kafin ranar. Idan ku goma ne, karo-karon abin da za ku ba mai ilimi bai kai kuɗin datar da za ku ƙona a wunin ba. Ku yi ciniki a gama kafin a tashi: ina da ina za a je, minti nawa a kowane wuri, nawa ne kuɗin, da riyal ko da sefa. Rigimar kuɗi a tsakiyar hanya a ƙasar mutane ba ta da daɗi.

Ka fara saurare kafin ka ɗaga waya. Minti goma na farko na kunne ne, hoto ya biyo baya. A maƙabarta kuwa, irin ta Baƙi'a ko ta shahidan Uhudu, ka tuna abin da ya kawo ka: sallama da addu'a da tuna lahira. Akwai alluna a wuraren da ke bayanin abin da aka hana, ka karanta su, abin da ya shige maka duhu ka tambayi malaminka.

Idan Baba ko Hajiya ka rako, lafiyarsu ta fi bidiyonka. Hawan dutsen Hira ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, kuma hawa ne mai wuya ko ga saurayi. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum sama da 1,300 ne suka rasu, a lokacin da zafi ya haura digiri 50. Ruwa, lema da katin masauki su kasance a jikinku. Kada ka bar tsoho a rana don kana neman inda haske ya fi kyau.

Idan Nijar za ka shiga, ka bi ta iyakar hukuma, ka bar hanyar ɓarauniya. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka kada ka dogara da yadda aka saba yi a da. Ka tambayi jami'an shige da fice a Maigatari takardun da ake buƙata a yanzu, ka tambayi direbobin da ke bin hanyar halin da take ciki, ka yi tafiyar rana. Kada ka kuskura ka ɗauki hoton soja, bariki ko shingen bincike. A fada kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa, ka cire takalmi inda ake cirewa, ka gaida manya yadda za ka gaida na fadar Gumel.

Idan ka zo ɗorawa, ka faɗi abin da ka tabbatar. Abin da jagora ya faɗa ba ka bincika ba, ka ce "jagoranmu ya ce". Wannan 'yar kalmar tana raba ka da ɗaukar nauyin ƙaryar wani.

Idan baƙo ya zo mana fa?

Akwai tambayar da ya kamata ta biyo ka gida. Idan gobe wani saurayi daga Damagaram ya gama cinikinsa a Maigatari ya ce yana da wuni ɗaya, a nuna masa ƙasar Lautai, wa zai yi masa jagora? Za ka iya kai shi ƙofar fada ka gaya masa yadda aka taso daga Tumbi? Za ka iya kai shi tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa ka bayyana masa layin dogon Kano zuwa Nguru da abin da ya riƙa ɗauka? Ka san cewa Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma rubuta abin da ya gani? Ka san cewa a 1903 ne masarautar ta shiga hannun Turawan Ingila, ta zauna a lardin Kano, har aka ƙirƙiro Jigawa a 1991?

Dattawan da suka san waɗannan labarai daga bakin iyayensu suna raguwa kullum. Ɗaliban tarihi na Kwalejin Ilimi ta Gumel da masu shafukan da ke da dubban mabiya za su iya fara aikin tun wannan hutun: ku je ku zauna da su, ku naɗi muryarsu da izininsu, ku gwama da abin da ke rubuce. Wanda ya iya bin jagora a ƙasar mutane da kunne a buɗe, shi ne zai iya zama jagora a tasa.

Ga masu shirin tafiya bana, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Idan kun dawo za mu karɓi dabino, za mu kalli hotuna, sannan za mu tambaye ku abin da ya faru a kan tudun nan na Uhudu. Ku zo mana da amsa.